Nomau Mai Ƙazamar Gona

In ka baro Damagaram ka nufi ƙasar Gaffati, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Garin Ɗanladi. Ba a hango shi daga nesa, itatuwa sun rufe shi, sai ka ji kukan jaki da sautin daka kafin ka ga jinkan ɗaki. Baƙo yakan ɗauka haka wurin yake tun fil azal. To ba haka ba ne. An yi shekarun da in ka tsaya a bakin rijiyar garin kana hango awakin ƙauyen da ke gaba, don babu abin da ya raba ku sai rairayi. Wanda ya sa aka fita daga wannan hali wani gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa da taurin kai, sunansa Nomau.

Ana tsakiyar noman farko aka haife shi, nan ya samo sunan. Kakarsa ce ta rene shi, kuma ita ta cusa masa wata magana tun yana bin ta gona da ƙwaryar fura. Cewa take a zamanin da sarakunan Damagaram ke da wuƙa da nama, mutum ya gwammace ya saci doki da ya ɗora wa gawo gatari. Ko gaskiya ne ko gishirin tsofaffi ne, Allah masani. Shi dai yaron maganar ta zauna masa daram.

Da ya girma ya gaji gonar ubansa, sai ya fito da wata ɗabi'a da ta sa gari ya sa shi gaba. Ka san yadda ake sassabe. Bazara na shigowa kowa zai ɗauki adda da gatari, duk wani toho da ya fito daga kututture a sare shi, a tara, a cinna wuta, a bar gona fes kamar tafin hannu. Da wannan ake gane manomin kirki, har iyayen yarinya sukan leƙa gonar saurayi kafin su amsa gaisuwarsa. Ga kuma tsoro, don mutane sun riƙe cewa icce in ya girma ya zama na gwamnati, ka taɓa reshensa masu kakin gandun daji su ci ka tara. Saboda haka gara a kashe shi tun yana ƙarami kowa ya huta.

Nomau bai yi haka ba. Sai ya tsuguna gaban kututture ya yi ta kallonsa, ya zaɓi toho biyu ko uku masu miƙewa, ya sare sauran, ya rage musu rassan ƙasa, ya wuce na gaba. Shekara biyar, gonarsa ta cika da gawo da kalgo da sabara da magarya. Mutane suka raɗa masa suna Mai Ƙazamar Gona. Wanda ya fi kowa iya faɗin sunan shi ne Suma'ila, maƙwabcinsa na iyaka, dogon mutum mai kyakkyawan noma da kaifin baki.

"Malam Nomau, gona kake nomawa ko daji kake kiwo?" in ji shi, in sun haɗu a iyaka. "Ranar da tsuntsayenka suka ci mini gero, gaban maigari za mu."

Nomau ba ya tankawa. Amma kada ka ɗauka ba ya jin zafi. Yana ji ƙwarai, har matarsa Hauwa takan ga ya dawo ya ture tuwo. Mutum ne mai son a ga girmansa, sai ga shi ya zama abin ba'a a majalisa shekara goma sha.

Sai fari ya zo. Daminar shekarar tamanin da huɗu, wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Sau uku ana shuka, sau uku hadari na haɗowa baƙi ƙirin, ya turo iska ta binne tsiro da rairayi, sannan ya watse ko ɗigo babu. Gonakin nan masu tsabta su suka fi shan kashi, don babu abin da zai tare iskar. Shi ma Nomau ba wani abin kirki ya samu ba, kada a yi masa ƙarya. Ɗan abin da ya tsira a gindin gawo ya kai gidansa tsakiyar rani, awakinsa kuma suka rayu da 'ya'yan gawo lokacin da na mutane ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Gari ya koma cin 'ya'yan anza masu ɗaci da ƙarangiya da jar dawar taimako da ake rabowa a kamiyo, wato babbar motar kaya. Ɗan iccen da ya rage a jeji kuwa, aka sassare aka kai kasuwar Damagaram.

Ana cikin haka Inna Gambo, mahaifiyar Suma'ila, ta cika da hantsi. Aka yi mata sutura, aka haƙa kabari, sai aka tashi neman itatuwan da za a jera a rufe ta. Maza shida suka fita da gatura, suka yi gabas suka yi yamma har azahar, suka dawo da karan tumfafiya wanda ko ƙasa kwando ɗaya ba zai ɗauka ba. Gawa na kwance, rana na yi, dattawa sun sunkuyar da kai. Wani ya ce a ciro sandunan rufin ɗakinta. Suma'ila na tsaye, bakin nan mai kaifi ya mutu.

Nomau ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ku biyo ni."

Ya kai su gonarsa. Bai kayar da icce ko ɗaya ba, reshe ya ɗauka a nan, ya ɗauka a can, kafin la'asar an rufe tsohuwa yadda ake rufe Musulmi. Aka dawo gida. Kunya ta kama garin gaba ɗaya, irin wadda ba a faɗa, a ce gari guda ba shi da iccen rufe mamacinsa sai a gonar mutumin da ake yi wa dariya.

Bayan sadakar bakwai maigari Idirisu ya tara mutane. Ya ce ya je Damagaram ya roƙi a turo musu masu koyar da sha'anin itace, an ce sunan garinsu na cikin takarda, furoje, wato shirin tallafin raya itatuwa, zai iso in lokaci ya yi. To sassabe saura sati uku. In aka sake bi ta kan gonaki da adda yadda aka saba, tohon bana ya tafi, kuma kututturan da yawa ba za su sake fitowa ba, don fari ya gajiyar da su. Mai koyarwa kuwa ga shi a gida. Kowa ya juya yana neman Nomau, sai aka ga ba ya wurin.

Yana gida yana ɗinke tsohuwar jakarsa. Rumbunsa ya ƙare ƙarƙaf, 'ya'ya biyar, ga Hauwa da goyo. Wani Bakano mai fataucin fata a kasuwar Damagaram, Alhaji Tijjani, ya yi masa alkawarin gadin sito a Kano, ya ce ya same shi a tasha ranar Alhamis. Nomau bai taɓa zuwa cin rani ba a rayuwarsa, yana ma ganin abin raini ne, amma yunwar yara ba ta san wannan ba.

Da labari ya kai majalisa aka ce, ai wannan mai sauƙi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In abinci ne zai raba mu da shi, mu ciyar da gidansa. Mata suka karɓi maganar. Duk wadda ta zuba dawa a turmi, kafin ta ɗaga taɓarya sai ta damƙi hannu ɗaya ta ajiye gefe. Ka tuna fa, hannu ɗaya a wannan shekara loma ce daga bakin yaro. Kwana biyu aka cika babban masaki.

A nan aka yi kuskuren. Niyya mai kyau, hanya ta ɓaci. Ranar Talata bayan azahar, dattawa suka rufe masakin da faifai, suka ɗauko liman da maigari, suka yi jere zuwa ƙofar gidan Nomau, yara na biye. Aka yi sallama ya fito. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a, sannan wani dattijo ya tura masakin gabansa ya ce, "Ga wannan, Malam Nomau, sadaka ce daga jama'a, saboda Allah. A ba yara."

Nomau ya dubi masakin, ya dubi mutanen. Hauwa da ke leƙe ta bayan zana ta ce tun da take da shi ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa maigari, murya ƙasa-ƙasa, "ni ba makaho ba ne, ba kuturu ba, ba kuma malami ba. Ubana bai ci sadaka ba, kakana bai ci ba. Shekara goma sha kuna kirana ƙazami na shanye. Yau kuma mabaraci za ku mai da ni a ƙofar gidana, gaban 'ya'yana? Allah ya ba da lada, a kai wa mabukata."

Ya shige gida ya bar su tsaye. Dattawa suka ɗauki masakinsu suka koma, wasu na cewa girman kai ne, wasu na cewa talaka da fankama. Hauwa ta yi kuka, ba don tana ganin ya yi laifi ba, sai don ta ga dawar da idonta. Shi kuwa ya ci gaba da ɗinkin jaka.

Akwai mace ɗaya a garin da Nomau ba ya iya ɗaure wa fuska, Falmata, 'yar gwaggonsa. Taubasai ne, tun suna yara take tsokanarsa kuma al'ada ta ba ta dama. Ita ce ungozomar garin, mijinta ya rasu, tana noma 'yar gonarta da kanta. Da aka ba ta labarin abin da ya faru, sai ta tafa hannu ta ce, "Maza dai, maza dai. Ku je wa Nomau da liman da faifai? Ai ko ni sai na kore ku."

Laraba da sassafe ta faɗo gidan ba ƙwarya ba masaki, sai tsohuwar adda a hannu.

"Ɗan kawu, an ce gobe za ka Kano ka yi wa fatu gadi. Madalla, aikin ya dace da kai, ba mai yi maka magana sai ƙuda. Kafin ka tafi zo ka duba mini wasu kututture, ban san na bari da na sarewa ba."

"Kin tashi da neman magana ke nan," ya ce.

"Da ita na kwana. Tashi mu je."

Ya bi ta yana gunaguni. Da suka isa gonar sai ya tarar da mata sun fi ashirin zaune a kan iyaka, kowace da adda ko lauje. Ya so ya juya, amma idonsa ya riga ya faɗa kan wani kututturen gawo mai toho wajen goma sha biyu, duk sun cunkushe suna kashe juna. Haƙuri ya gagare shi. Ya tsuguna.

"Ba duka ake bari ba," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Uwa ɗaya ce ke shayar da su a ƙarƙashin ƙasa, saiwar nan ta girmi kowa a nan. In kin bar goma sha biyu, babu wanda zai ƙoshi. Ki duba mai miƙewa, mai kauri. Wannan da wannan. Sauran a cire. Kuma daga ƙasa ake sara zuwa sama, in kin saro daga sama ɓawon zai yage, ciwo ya shiga."

Ya miƙa wa Falmata addar ta yi, ta ɓata, ya yi tsaki ya gyara mata riƙo. Wata ta matso, wata ta tambayi yadda ake gane gawo da farar ƙaya tun suna ƙanana. Kafin ya farga rana ta take tsaka, ya zagaye gonar kaf, muryarsa har ta dushe. Rabonsa da yin magana mai tsawon haka tun yana saurayi.

Da suka dawo inuwa, Falmata ta kwance bakin zanenta, ta ciro tiya guda ta dawa ta dire a gabansa.

Fuskarsa ta sauya. "Falmata, ke ma?"

"Ni ma me? Tsaya in tambaye ka. 'Ya'yanka biyar, wa ya yanke musu cibiya?"

"Ke."

"Ranar suna, hatsi da sabulu da ƙafar rago da kuka aiko mini, sadaka na ci?"

Falmata ta ci gaba.

"Wanzamin da ke yi maka aski shekara guda, in kaka ta yi ka kai masa dami, bara ya yi? Maƙerin da ke gyara maka sungumi fa? Ka yi mini aiki tun safe, ka koya mini abin da ban sani ba. Wannan ladanka ne. In ba ka karɓa ba ka mai da ni macuciya, na ci gumin ɗan kawuna. Kuma duk waɗannan da ka gani, kowace na da gona da miji mai kunnen ƙashi."

Matan suka yi dariya. Nomau bai yi ba. Ya daɗe yana kallon tiyar nan. Ashe ba yunwa kaɗai ke korarsa Kano ba, har da gajiya da zama inda ba a san darajar abin da ya sani ba. Ya sa hannu ya ɗauka.

Da yamma ya je wurin maigari da kansa, ya faɗi sharuɗɗansa. Ba a kawo masa komai sai bayan ya yi aiki. Ba ya yi wa kowa sassabe, nunawa zai yi, mai gona ya yi da hannunsa. Ba liman, ba faifai. Sannan duk gidan da ya ba da hannun dawa, aka koya masa, ya koma ya share gonarsa fes, to zai mayar masa da dawarsa har ƙofar gida da rana tsaka, don shi ba ya cin ladan aikin da bai yiwu ba. Maigari ya yi murmushi ya ce an yarda. Ranar Alhamis kamiyon Alhaji Tijjani ya tashi babu shi.

Haka makarantar gindin gawo ta fara, ba allo ba benci. Kullum da safe a gonar mutum ɗaya, masu gonakin kewaye su taru. Ranar da babu karatu malamin lakwal, wato makarantar boko, yakan kawo 'yan ajinsa gaba ɗaya, su bi sahu suna koyon sunayen itatuwa da amfaninsu, wanne ne na awaki, wanne ne na miya, wanne ne ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Da la'asar Falmata ta bi gida-gida da ƙwarya ta tattara hannun dawa ta kai wa Hauwa, ta ce, "Ga ladan maigidanki," da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Ba ƙoshi ake yi ba a gidan, amma ba a kwana da wuta a mace ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Nomau kuwa ya yi askin nan har da ƙari, don har ƙauyuka biyu na kusa suka aiko da tasu ƙwaryar.

Mutum ɗaya aka mayar wa da dawarsa, kuma ka san ko wane ne. Suma'ila ya zo karatu, ya tsaya a baya, ya ji komai. Amma da ya shiga gonarsa shi kaɗai, ya ga tohon nan tsaye birjik, hannunsa ya ƙi. Shekara talatin yana share gona, idonsa ba ya iya kallon ta haka. Ya bi ya sare, ya tara, ya ƙone. Washegari da azahar, mutane na fitowa masallaci, Nomau ya ratsa gari da 'yar ƙwarya a tafin hannu, ya ajiye a ƙofar gidan Suma'ila, ya yi sallama ya juya. Suma'ila ya yi kwana uku bai fito majalisa ba, kuma suka shekara ba sa gaisawa sai a jana'iza. Bazara ta gaba aka gan shi tsugune gaban kututture, yana waige-waige kada a gan shi.

Damina ta yi kyau a tamanin da biyar. Da kaka hannun dawa ya koma dami, kowane gida ɗaya, kamar na wanzami. Furoje ya iso daga baya, mutanen kirki ne, suka zagaya gonaki da mota suka yi ta rubutu, har suka tambayi wace ƙungiya ce ta ɗauki nauyin aikin. Maigari ya nuna musu turamen da ke ƙofar gidaje. Shekara goma sha bakwai ana kai wa Nomau daminsa, har ranar da ya ce a daina, don yanzu yaron da ke kiwon awaki ma ya san daga ƙasa ake sara. Sunan Mai Ƙazamar Gona bai bar shi ba, sai dai ya koma suna na girma, shi da kansa yakan faɗa wa baƙi.

Ya rasu da bazara, yana da shekara saba'in da wani abu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Babu wanda ya yi shela a kawo icce. Ana cikin haƙa kabari sai aka ga mutane na ɓullowa daga gonaki, kowa da reshe a kafaɗa, maza da mata, har da na ƙauyukan kusa. Kowa daga gonarsa ya saro. Aka tara har tsibin ya fi tsayin mutum, alhali abin da ake bukata bai wuce goma sha ba.

Suma'ila ya iso a ƙarshe, ya tsufa, yana dogara sanda, yana jan wani reshen gawo mai kauri a ƙasa, ya hana kowa ya kama masa. Masu jera itace suka ce ai an samu isasshe, Baba. Ya tsaya yana haki.

"Ku sa nawa," ya ce. "Ya rufe mini uwa."

Falmata na zaune can gefe cikin mata, ido ya tafi amma kunne na nan. Ta ce a miƙo mata bakin reshen ta taɓa. Ta shafa wurin saran da yatsa, ta ji ɓawon bai yage ba, ta gyaɗa kai.

"Daga ƙasa ya sara," ta ce. "Ku sa masa."

Aka ciro ɗaya daga cikin waɗanda aka jera, aka sa na Suma'ila daidai wajen kai.